Kunkurun Aro

Kafinta ya durƙusa yana auna faɗin bayan kunkurun, shi kuma kunkurun ya juyo da kai a hankali, ya kama bakin tef ɗin awon ya fara taunawa.

"Kai, saki! Malam, ka ce masa ya saki mana."

"Ba ni da hurumi," in ji Malam Sai-Dai. "Har zuwa yammacin yau baƙon gwamnati ne."

Yana tsaye a bakin shingen ƙarfe na gidan namun daji, da fayil biyu a hammata, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya shuɗi. A ofis aka laƙaba masa wannan suna, a Sashen Yarjejeniyoyi na Ma'aikatar Harkokin Waje, domin bai taɓa rubuta shawara ba tare da ya kai tsakiya ya ce "sai dai kuma" ba. Ministoci sun zo sun tafi, kowanne ya so a ce masa e ko a'a, kowanne ya samu shafuka. Ƙarshen wata zai yi ritaya, kuma abin taƙamarsa guda ne: a zamaninsa ƙasar ba ta taɓa karya alkawarin da ta sa wa hannu ba. Ta yi jinkiri, ta yi kamar ba ta ji ba, ta kafa kwamiti, amma ba ta karya ba.

Yau kam za ta karya. Abin da ya rage mata kawai ta zaɓi wanne.

Fayil ruwan ƙasa shi ne tsohon. Rabin ƙarni da ya wuce, zamanin da shugabanni ke nuna zumunci da dabbobi, ƙasar da ke maƙwabtaka da su ta ba su aron wani ƙaton kunkuru mai faɗin teburin shayi. Aka rubuta yarjejeniya cewa ran da wa'adi ya cika za a mayar musu da abinsu. Duk waɗanda suka sa hannu sun rasu, kunkurun bai ko rame ba, wa'adin kuma yau yake cika. Shuɗin fayil na baya-bayan nan ne, yarjejeniya ce ta ƙasashe da yawa wadda ta hana a tsallaka iyaka da irin wannan kunkuru, domin sun kusa ƙarewa a duniya. Ƙasarsu ta sa hannu da murna, har da ɗaukar hoto. Maƙwabta ba su sa ba.

Da sun sa, da abin ya zo da sauƙi, tunda tsakanin waɗanda suka shiga yarjejeniyoyin duka biyu, sabuwa ke danne tsohuwa. Amma ba a kama ƙasa da alkawarin da ba ta ɗauka ba. Saboda haka a wajen maƙwabta tsohuwar tana nan daram, a wajen sauran duniya kuma sabuwar ce ke aiki. In kunkuru ya tafi an saɓa wa duniya, in ya zauna an saɓa wa maƙwabta. Ma'aikata ta duba ta ga maƙwabta sun fi kusa, sun kuma fi naci wajen rubuta wasiƙa, sai ta kira kafinta ya haɗa akwati.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Sun sa Dattijo a akwatin?" Haka take kiran kunkurun.

"Awo dai ake yi."

"Kai kuma kana tsaye kana kallo."

"Maman yara, magana ce ta doka. Akwai sashe na..."

"Baban yara, ni ma ina da sashe. In ya shiga akwatin nan, ka ce wa kafinta ya bar maka wuri a gefe."

Ta kashe wayar.

Bara ne ɓarin jikinta ya shanye. Likita ya ce tafiya ce maganinta, sai dai duk wanda ya raka ta sai ya dinga rage sauri yana kallon ta da tausayi, ita kuwa da ta yi shekaru tana shugabantar makarantar sakandare, tausayi ya fi ciwon ɓata mata rai. Ta jefar da sandar, ta koma kujera ta zauna. Wata rana ya kawo ta nan don ta sha iska. Ta kama shingen ta miƙe, kunkurun ya hango latas a jakar cefanenta ya taso. Ta ɗaga ƙafa, ya ɗaga ƙafa. Suka bi shingen tare, ita a waje shi a ciki, ba wanda ya jira wani, ba wanda ya tausaya wa wani. Tun daga ranar, da rana ta yi sanyi sai a kawo ta. A watan jiya ta riga shi isa ƙarshen shingen, ta bi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a waya tana ba su labari, har da wanda ke cikin taro.

Malam Sai-Dai ya mayar da wayar aljihu.

"Kafinta, kada ka yi gaggawa da aikin nan."

"Malam, da me zan yi gaggawar? Ya cinye min tef."

A bas kwandasta ya ce masa ya ɗora fayilolin a cinya, kujera ta mutane ce. Ya ɗora su, shuɗin a sama. Da aka yi gaba kaɗan sai ya ga kamar ya nuna son kai, ya mayar da ruwan ƙasan sama.

Daraktan sashen a hannun Malam Sai-Dai ya koyi aiki, lokacin da ko naɗe wasiƙa bai iya ba. Yanzu yana da ofis mai kafet, da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga cikin bokiti. Ta tagarsa ana hango tutar ofishin jakadancin maƙwabta a ɗaya hannun titi. Mai sayar da jarida yakan tsallaka sau da yawa a yini. Wasiƙar ma'aikata kuwa, kafin ta bi ta teburin mai tacewa, da mai hatimi, da mai rajista, da mai babur, takan yi makonni a hanya.

"Ranka ya daɗe, ina so in tsallaka titi."

Darakta ya ɗago. "Wane titi?"

Malam Sai-Dai ya nuna tagar da haɓa.

"Haba, Malam. Ka fi kowa sanin ƙa'ida. Da su a rubuce muke magana. Sun rubuto suna sa ran a mayar musu ba tare da ɓata lokaci ba, mun amsa cewa a shirye muke tsaf. Kai ka rubuta amsar."

"Da na rubuta wani abu daban, da sanarwar saɓa alkawari ke nan tun kafin ranar ta zo."

"To ka gani. Minista ya yanke hukunci, motar ɗaukar kaya za ta iso da yamma. Masu shuɗin fayil za su yi mana tsawa a taronsu, mu ce mun ji, mu kafa kwamiti."

"A rubuta cewa mun karya."

"A ƙananan haruffa."

"Ni nakan karanta ƙananan haruffa, ranka ya daɗe. Su kaɗai ma nake karantawa."

Darakta ya jingina da kujera ya kalli bokitin ɗigar ruwa. Ya san labarin tafiyar bakin shinge. Matar Darakta ta je dubiyar Maman yara, an kuma ba ta labarin tseren dalla-dalla.

"Ban aike ka ba, Malam," ya ce. "In ka dawo da alheri, ni na aike ka tun makon jiya."

"Ni na koya maka wannan."

"Shi ya sa nake faɗa maka a gabanka."

Jakadiyar maƙwabta ita ma lauya ce kafin ta zama jakadiya. Sun daɗe suna fuskantar juna a teburin tattaunawa, sun taɓa yin damina guda suna jayayya kan rabon ruwan wani kogi, har kogin ya yi ambaliya ya raba kansa. Ta karɓe shi a ɗakin baƙi, tsakanin tutoci biyu, ga wani jami'i a gefe da alƙalami yana ɗaukar bayani.

"Gwamnatina tana nanata matsayinta," in ji ta, ta miƙe wuya. "Dukiyar ƙasarmu ce, kuma muna sa ran ganin ta."

"Gwamnatina tana nanata cewa ba ta taɓa shakkar haka ba."

"Madalla."

"Madalla."

Jami'in ya rubuta madalla biyu. Jakadiya ta dube shi.

"Je ka kawo mana shayi. Ba na nan sama ba, na ƙasa, wanda sai an dafa ruwa."

Ƙofa na rufuwa ta zare takalmanta da ƙafa, ta tura su ƙarƙashin tebur.

"Sai-Dai, don girman Allah, ina kuke so in kai shi?"

Ya ɗago ya dube ta, ita kuwa ta ci gaba.

"Gidan namun dajin da ya fito an rushe shi tun kafin in yi aure. Yanzu wurin ajiye motoci ne mai hawa-hawa. Na tambayi Ma'aikatar Gona, suka ce ba a noma da shi. Na tambayi ta Ruwa, suka ce ba ya iyo. Ta Al'adu ta ce in ya mutu in sanar da su, suna da wurin ƙoƙon bayansa. In dabbar nan ta mutu a bayan mota, ni ce jakadiyar da ta kashe kunkuru. Jikokina da sunan za a san su."

"To me ya sa kika rubuto ba tare da ɓata lokaci ba?"

"In ban nema ba a ce na yafe dukiyar ƙasa, 'yan majalisa su cinye ni ɗanya. Na rubuta ne don ku ƙi! Na san da shuɗin fayil ɗinku. Ina zaune ina jiran ku ce ba za ku iya ba, in yi fushi a rubuce, in kai rahoto gida, a yi ta ja har in yi ritaya. Sai ga wasiƙa wai a shirye muke tsaf. Tsaf! Wane mugun ne ya rubuta wannan?"

"Wani ne a sashenmu. Ya kusa tafiya."

Ta dube shi. Dariya ta fara kama ta daga kafaɗa, shi kuma ya yi ƙoƙarin riƙe tasa da tari, abin ya faskara. Suka yi ta yi har ta cire tabarau tana share ido da gefen mayafi.

"Ƙasashe biyu," ta ce, "kowacce na tura wa 'yar'uwarta kunkuru da dukkan girmamawa."

"To mu ƙara wa'adin aron."

"Ba ni da iko. Taɓa yarjejeniyar sai majalisa, majalisa kuma tana hutu. Kafin su dawo kun riga kun saɓa."

"Me kike da ikon yi?"

"Karɓa kawai. An aiko min da takardar izini in karɓe shi da sunan ƙasata, in rako shi har babban birninmu, tunda can yarjejeniya ta ce ku kai shi."

"Wannan sharaɗin na kaiwa har gida, don amfanin wa aka sa shi?"

"Don namu mana. Kada wahalar jigila ta hau kanmu."

"Mai haƙƙi kuwa yana iya cewa ya hutar da wanda yake bi, a miƙa masa abinsa a inda yake."

Ta murza ɗan yatsan ƙafa a kan kafet.

"Yana iya," ta ce a hankali. "Ba canza yarjejeniya ba ne, sassauci ne daga mai haƙƙi. Wannan waya ɗaya ce zuwa ministana, kuma mutumin nan zai rungume ni ta cikin wayar."

"In kin karɓa a nan, tsohuwar yarjejeniya ta cika, ta mutu da mutuncinta. Bai tsallaka iyaka ba, sabuwar ba ta ji ciwo ba. Sai dai kuma..."

"Na san za ta zo."

"Sai dai kuma za ki wayi gari da kunkuru a harabar ofis yana cinye miki furanni."

"Wa ya ce? Jakadiya tana da ikon ba da ajiyar kayan ƙasarta a inda ya fi aminci. Tsohuwar motar ofis ma a garejin wani take tun zamanin wanda na gada. Zan karɓe shi da hannun dama, in ba gidan namun dajinku ajiyarsa da na hagu. Ajiya ba aro ba ce, ba ta buƙatar majalisa."

"Har zuwa yaushe?"

"Har ranar da muka nemi abinmu." Ta mayar da tabaraunta. "Zan bar wa wanda zai gaje ni bayani kan wurin ajiye motocin."

Suka ja kujeru suka zauna a teburi ɗaya, kowa na rubuta wasiƙar ƙasarsa, kowa na leƙa ta ɗan'uwansa yana gyarawa. Ta soke masa jimloli uku da ta ce ba su da aikin yi sai cin wuri. Ya mayar da ɗaya lokacin da ta tashi yin waya. Da ta dawo fuskarta a sake, ta tsaya tana kallon yadda gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Kai, tsaya. Na san ka da son tsabtar fayil, amma ban taɓa ganin ka tsallako titi da ƙafarka ba. Me ke ciki?"

Ya ba ta labarin shingen, da latas, da maganar a bar masa wuri a akwati.

"Ka ce da umarni daga sama ka zo," in ji ta. "Da tun farko ka faɗa, ai da ban tsaya nanata matsayi ba."

Jami'in ya shigo da shayi ya tarar da jakadiyarsa ba takalmi, ya ajiye tiren, ya rasa ko wannan ma ana rubutawa.

Wasiƙun biyu a aljihun Malam Sai-Dai suka tsallaka titi. Darakta ya karanta su a tsaye, ya sake karantawa a zaune, sannan ya gyara wuyan rigarsa ya hau bene wurin minista don ya bayyana masa dabarar da ya daɗe yana ƙullawa.

Da rana ta yi sanyi aka taru a bakin shingen. An sallami motar ɗaukar kaya. Darakta ya zo da mai hoto. Maman yara ta sa tasi ta kawo ta, da sandarta da jakarta, ta zauna a benci kamar wadda ta zo duba jarrabawa.

Ƙa'ida ta ce sai mai karɓa ya ɗora hannu a kan abin da aka miƙa masa. Mai kula da dabbobin ya buɗe ƙofar shingen, Jakadiya ta shiga tana ɗaga gefen zani, takalmanta masu tsini na nutsewa a yashi. Dattijo ya janye kai ciki yana barci.

"Da sunan gwamnatina," in ji Darakta, "ina mayar da wannan amana da muka riƙe tsawon..."

Ya daɗe yana mayarwa. Jakadiya na sunkuye, tafinta a kan ƙoƙon bayan kunkurun, har ta fara canza ƙafa.

"Na karɓa," ta ce da ya tsaya shan numfashi, kafin ya ci gaba. Ta juya wajen mai kula da dabbobin. "Ga ajiyar ƙasata, a kula min da ita."

"To, ranki ya daɗe," in ji mutumin, wanda bai ga abin da ya canza ba.

Mai hoto ya roƙi a ɗan fito da kan kunkurun. Maman yara ta miƙe a kan sandarta, ta zaro latas ta kaɗa shi ta saman shinge. Kan ya fito, ƙafafu suka biyo baya, dukiyar maƙwabta ta tashi ta nufi shinge ta bar jakadiyarta da hannu a iska.

"Ke ce mai shi yanzu?" Maman yara ta tambaya da Jakadiya ta fito.

"Ni ce, Yaya."

"To ki sani yana da ha'inci. In ya ga zan wuce shi sai ya tsaya ya yi kamar dama ba tsere muke ba."

"Halin gwamnatinmu ne, Yaya. A jininsa yake."

Maman yara ta yi dariya da gefen bakin da ke motsi, sannan ta dubi mijinta sama da ƙasa.

"Ashe karatun nan naka yana da amfani."

A shekarun aurensu bai taɓa samun yabo mai tsawon wannan ba. Ya gyara tsayuwa, ya ajiye fayilolin biyu a kan benci, ya ji hammatarsa ta sha iska.

Mai kula da dabbobin ya matso kusa da shi da Jakadiya yana kulle ƙofa.

"Gara da aka bar shi, Malam, ko don matar."

"Wace mata?"

"Waccan." Ya nuna wata kunkuruwa a can lungu, ƙarƙashin inuwa. "Wadda 'yan kwastan suka ƙwace a hannun masu fasa-ƙwauri, gwamnatinmu ta kawo nan. Mun haɗa su wuri ɗaya saboda ƙarancin fili. To kwanan nan sai tonon rami take da ƙafar baya. Ina jin ƙwai za ta saka."

Ya rataya makullinsa ya yi gaba.

Malam Sai-Dai ya tsaya. Uba na maƙwabta, uwa ta gida, 'ya'ya kuma a ƙarƙashin shuɗin fayil tun suna cikin ƙwai, ga shi babu sashe ko ɗaya a duk takardun da ya ambaci haihuwa. Ya hango wasiƙun da za a rubuta, da amsoshinsu, da kwamitin haɗin gwiwa, da ƙaramin kwamitin da zai fito daga cikinsa. Ya waiga ya ga Jakadiya na kallon ramin, leɓenta na motsi kamar mai tsara sakin layi na farko.

"Kin ji abin da ya ce?"

"Ban ji ba. Kai fa?"

"Kunnena ya yi nauyi kwanan nan, ranki ya daɗe."

Suka juya tare suka dubi Darakta. Yana can gaban mai hoto, hannu ɗaya a kan shinge, yana murmushi da dukkan haƙoransa. Yaro ne da sauran ƙarfinsa, kuma da sauran shekaru masu yawa a gabansa kafin ritaya.